Na Zauna Gaban Tayar Ƙanena

A shekarar da Babbar Sallah ta zo daf da Kirsimeti, Babura ba ta huta ba. Kuɗin mai sun fara shigowa hannun mutane, kowa ya sayi rediyo, kowa yana jin kansa. Ƙanena, autanmu, direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi zuwa Kano. Mun lalata shi da so, har da ni.

Ya saba duk washegarin Sallah ya cika bayan motar da yaran unguwa, ya kai su Kanya Babba gaida kakanni, kyauta. Yara kan kwana da lalle suna jiran ranar. Nawa biyu suna ciki.

A wannan shekarar, da hantsin ranar tafiyar, matar makanikensa, Kirista ce 'yar kudu, maƙwabciyata, ta ja ni gefe. Ta ce direbobi sun haɗa shagali a bayan tasha tun jiya, da kiɗa da nama da giya. Mijinta ya baro su ya dawo gida, amma ƙanena ya zarce, kuma ta ji ya haɗa da ƙwayar hana barci da direbobi ke haɗiya. "Maman yara, kada ki bari ya tuƙa," in ji ta. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Sai ga shi ya iso, ido jajir, babbar riga a karkace, yana ta dariyar da babu dalili. Yara suka ɗare mota. Na shiga gida na gaya wa Inna. Ta dube ni, ta ce in rage murya, ta sa a dama masa kunun tsamiya, wai tsami yana kashe maye. Duk garin an yarda da haka. Ni ban yarda ba. A gidanmu kuwa, gidan malamai, gara a ce yaro ya yi sata da a ce ya sha.

Ya shanye kwanon, ya goge baki, ya hau ya tayar da inji. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Na fita ko mayafi ban gyara ba, na je na zauna a ƙasa gaban tayar gaba, da sabon zanena.

"Yaya, mene ne haka? Tashi mana."

"Sauke min yaran mutane."

"Lafiyata lau. Don Allah kada ki kunyata ni."

"Ka sha, auta. Ba ka kai kowa ko'ina yau. In za ka wuce, ta kaina za ka bi."

Na faɗa da ƙarfi, da gangan, don iyayen yaran su ji. Suka ji kuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suna sauke 'ya'yansu, ba mai kallon idon wani. Yara suna kuka, nawa ma suna hararata. Shi kuma yana zagina, yana rantsuwa, har muryarsa ta yi ƙasa. Ba a jima ba kansa ya faɗa kan sitiyari, barci ya kwashe shi, inji yana ta kaɗawa. Makaniken ne ya hau ya kashe.

Wata guda ƙanena bai gaishe ni ba. Wannan bai dame ni ba, ɓacin ran Inna ne ya fi. Da yammacin ranar da abin ya faru ta kira ni ɗaki, tana hawaye, ta ce, "Kin tona mana asiri ranar Sallah. Gobe da mu za a yi hira a bakin rijiya."

Na durƙusa, don uwa uwa ce, na ce, "Inna, ki yafe min. Su yi hirarsu. Ni dai na fi so a yi da mu a bakin rijiya da a shimfiɗa tabarmar makoki a kowane gida na unguwar nan."

Inna ta juya ta leƙa tsakar gida, inda jikokinta ke rigima a kan soyayyen nama, ta daɗe tana kallonsu.