Likitan da Ya Cike Giɓin Sahu

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Dakta Yusha'u ya riga ya iso daga gidansa da ke unguwar Mando, ya jawo kujerarsa ta roba ya dasa a bakin ƙofar ofis. Ba ya son zaman ciki da safe. Yakan riƙe kofin shayi, wanda sai ya huce yake tunawa da shi, ya zuba wa doguwar barandar ido yana kallon masu zuwa ganinsa: yadda wannan ke buɗe ƙafafu kamar mai tsayuwa cikin kwalekwale, yadda waccan ke miƙa hannu neman bango tun ba ta kai gare shi ba. Ɗalibansa sun haddace maganarsa, wai baki yana jin kunyar likita, ƙafa kuwa ba ta san kunya ba.

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, kuma a watan nan ya ajiye aiki. Ƙuruciyarsa da furfurarsa duk a kan ciwo ɗaya ya ƙarar da su, wanda likitoci ke kira ataksiya, shi kuma yake ce masa tangaɗin gado. Wani sashen ƙwaƙwalwa ne can wajen ƙeya, mai daidaita motsin jiki, yake lalacewa a hankali. Sai tafiya ta koma tangaɗi, hannu ya riƙa kuskure baki, harshe ya yi nauyi, alhali hankalin mutum garau yake. Ya bi zuri'o'i gari-gari, ya zauna a tabarmar tsofaffi yana tambayar wa ya haifi wa, ya ɗebi jini ya aika gwaji, ya yi rubuce-rubuce a mujallun likitoci waɗanda babu mai karanta su a layinmu. Har gobe ba a samu maganin da ke warkar da ciwon ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Amma ba don rubuce-rubucen ake wannan jinjina ba. Saboda Malam Idi ne, wanda shi da iyalinsa suka ce a faɗa, kuma a faɗa da sunayensu.

Malam Idi tela ne a Babbar Kasuwa, Bakano, mazaunin Unguwar Shanu. Zare ne ya fara ƙin shiga masa allura. Daga nan sai tafiya, daga tafiya sai harshe. Unguwa kuwa ba ta jira bayani ba, ta yanke hukuncinta: Malam Idi ya fara sha. Babu wanda ya kore shi daga masallaci, ai ba a korar mutum daga ɗakin Allah. Sai dai in an tada sahu, na damansa ya ɗan muskuta, na hagunsa ma ya ɗan muskuta, a bar shi tsakiyar fili kamar kara ɗaya a gona bayan girbi. Shi kuwa mai irin wannan ciwo, da zarar ya rasa abin da jikinsa zai taɓa, sai layin ya ƙaru. Masu kallo ta wutsiyar ido su ce, to ka gani.

Matarsa Lami ce ta kawo shi asibiti da ƙyar. Dakta ya gama dubansa, ya tambaye shi a hankali ko mahaifinsa ya yi irin wannan tafiyar. Lami ta sunkuyar da kai. Can Malam Idi ya ce mahaifinsa a ɗakin ƙurya ya ƙare rayuwarsa, duk baƙon da ya zo sai a ce masa yana barci.

Da sakamakon gwaji ya dawo, Dakta ya yi tayin ya je da kansa ya yi wa liman da dattawan unguwa bayani, a wanke wa bawan Allah sunansa. Ya ɗauka zai ga murna. Sai Malam Idi ya kama hannunsa da hannuwansa biyu masu rawa, ya ce an sa wa 'yarsa Sumayya rana da wani yaro Kabir.

"Likita, mashayi yakan tuba," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar. "Gado kuwa ba a tuba daga shi. In an ce ubanta mashayi ne, za a ce ita ba ruwanta. In aka ce jininmu ne, wa zai ɗauke ta?"

Dakta Yusha'u ya ga irin wannan ɓuyan a gidaje da yawa, amma bai taɓa ganin uban da ya zaɓi ya yafa wa kansa sunan mashayi don ya lulluɓe 'yarsa ba. Ya gaya masa gaskiya, cewa bai yarda a ɓoye wa yarinyar abin da ya shafi jikinta ba, kuma ba zai fasa tuna masa ba. Amma sirrin na Malam Idi ne, ba zai fita ta bakin likita ba. Da za su tafi, abu ɗaya Dakta ya tambaye shi: a wane masallaci yake sallar la'asar?

Washegari aka tada sahu, na dama ya muskuta, na hagu ya muskuta, sai ga wani dattijo mai farin gilashi ya ratso ya tsaya a giɓin, ya haɗa kafaɗarsa da ta Malam Idi, ƙafa da ƙafa. A ranar, Malam Idi ya yi tsayuwar da ya daɗe bai yi irinta ba. Bayan sallama ya juyo ya ga ko wane ne, ya ce, "Kai Bazazzagi, masallatan Mando sun ƙare ne?"

"Zuwa na yi in ga ko Kanawa sun iya sahu, ko awon yadi kawai aka iya," in ji Dakta.

A bakin ƙofa wani dattijon unguwa, Alhaji Hamisu, ya ja shi gefe, ya tambaye shi cikin ladabi ko ya san abin da ake faɗa a kan mutumin da ya tsaya kusa da shi. Dakta ya ce shi dai ya ji liman ya ce a cike giɓi, shi ne ya cike.

Kai ne, Dakta, ka riƙa baro asibiti da gajiyar yini a wuyanka, ka kutsa cunkoson Keke Napep, ka zo ka ba da aron kafaɗarka raka'a huɗu, ka koma. Damina ta zo ta wuce kana yi. Kana da kalma ɗaya a bakinka wadda za ta kashe maganar nan take, ka haɗiye ta don amana ce, ka bar jikinka ya faɗi abin da harshenka ba shi da izinin faɗa.

Sumayya, malamar makarantar firamare, ba yarinya ba ce. Ta yi lissafin cewa likitan jijiyoyi ba ya ratso gari kullum saboda mashayi. Ta same shi a barandar asibiti, ya ce ta je ta tambayi mahaifinta, in ya yarda su dawo tare. Ta koma gida ta durƙusa gaban uban, Lami na tsaye bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

"Baba," ta ce, "ba da mutuncinka za a yi mini kayan ɗaki ba."

Suka dawo su uku. Dakta bai sassauta gaskiya ba, bai kuma ƙara mata gishiri ba. Ya ce a irin na gidansu, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Akwai gwajin da zai nuna, amma ita ce mai ikon cewa yaushe, ko ma ba za ta yi ba. Sumayya ta je ta gaya wa Kabir da bakinta. An ce yaron ya yi kuka, ya ce ya ji ya gani. Manyansa ne ba su gani ba. Aka aiko a karɓi kayan sa rana.

Abin da Malam Idi ya guda ya faru, shi kuma ya daina yi wa Dakta magana. Duk da haka Dakta bai fasa zuwa ba. Yakan tsaya a gurbinsa, ya ji nauyin mutumin ya kwanto masa a kafaɗa, a sallame, kowa ya nemi takalminsa ba ko sannu. A hanyar Mando yakan tambayi kansa ko shi ne ya rusa wa yarinyar nan gida, kuma ba kullum yake samun amsar da za ta sanyaya masa rai ba.

Wata la'asar, bayan addu'a, Malam Idi ya dafa gwiwar Dakta ya miƙe, ya fuskanci jama'a. Ya daɗe yana magana don harshen ba ya sauri, kuma babu wanda ya motsa. Ya ce bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ya faɗi ciwon mahaifinsa, ya faɗi nasa, ya ce 'yarsa ta fi shi ƙarfin zuciya, sannan ya ce Bazazzagin nan ya ƙarasa musu, tunda Zazzagawa su suka iya dogon bayani. Dakta ya yi bayanin a taƙaice. Alhaji Hamisu ne ya fara tasowa, hularsa a hannu, ya ce, "Idi, ka yafe mana. Mun ci namanka."

Sumayya har yanzu ba ta yi gwajin ba, ta ce sai ranar da ta shirya. Ita ce ke tara iyalan masu wannan ciwo duk wata, su koya wa juna motsa jiki, su yi hira, su yi dariya. Gidaje biyu a unguwar sun buɗe ɗakunan ƙuryarsu sun kawo nasu asibiti.

Ran da aka yi wa Dakta walimar ajiye aiki, jawabai suka riƙe shi, ya isa Unguwar Shanu ana tada iƙama. Ya nufi gurbinsa ya tarar babu. Alhaji Hamisu na dama, wani matashi Nura na hagu, sun matse Malam Idi har ba masaka tsinke. A sahu na biyu Dakta ya yi sallarsa. Da aka sallame Malam Idi ya waiwayo ya ce, "Likita, ka makara, an cinye maka wuri." Dakta ya cire gilashinsa yana dariya, ya daɗe yana goge shi.

Mun gode, Dakta Yusha'u, majinginar wanda ƙafa ta yaudara. Allah Ya sa waɗanda ka koyar su kai ga maganin da ka ƙare ƙarfinka kana nema, Ya ba ka hutu mai albarka. Mu kuma da ba likitoci ba, ba a nemi mu san ƙwaƙwalwa ba. In ka ga mutum yana layi a hanya, riƙe harshenka tukuna, ka matsa kusa da shi.