Oddbjørg da Cinyar Ragon Torleif

Kullum da safe Oddbjørg Vatne kan hau jirgin fito da fulas ɗin kofi da burodinta, ta bi ƙauyukanmu na bakin ruwa gida-gida, tana sake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki magana. A wannan watan take ajiye aiki.

Wanda ya fi kowa sanin darajarta shi ne Torleif, tsohon mahaucin garinmu. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, hankalinsa na nan garau, amma harshe ya riƙa tsinka masa kalmomi. Yarenmu na Norway kuwa haɗa kalmomi yake: ka danna gaɓar farko, sauran su biyo a numfashi ɗaya. In ka raba, magana ta sauya.

Ana gab da bikin Ista ya kama hannun matarsa Gunvor yana ta maimaita, "Lamme... lår." Wato shanyayyun cinyoyi. Ta yi ta matsa masa ƙafa tana kuka, shi yana ture ta. Ya rasa me ya faɗa da ya jawo hawaye, don a kansa kalmar daidai take.

"Ga shi yana takawa da ƙafafunsa, Oddbjørg," in ji Gunvor. "Ƙwaƙwalwar ce ta tafi. Gidan tsofaffi zan kai shi, na gaji."

Ita ma Oddbjørg ta rikice. Ta gwada hotuna, ta gwada waƙa, a banza. Can ta lura idonsa na kan tanda, ba kan ƙafarsa ba.

"Kai Torleif, ciwo kake ji? Ko yunwa?"

Da jin yunwa ya bugi tebur. Ashe lammelår yake nufi, a haɗe: cinyar ɗan rago da yake gasawa kowace Ista.

"Ja'irin tsoho!" Gunvor ta ce, ga dariya ga kuka. "Ina ta makoki, ashe nama kake so?"

Har rani ya shigo Oddbjørg na riƙe da hannunsa suna bugun tebur gaɓa-gaɓa yana furta kalma, bugun farko da ƙarfi, sauran a sassauce. Bai je gidan tsofaffi ba.

Oddbjørg, ke ce mai haƙurin jiran kalma har ta fito. Mun gode. Har yau ba a samu wanda zai gaje ki ba, mun rasa inda za mu sa kanmu. Torleif dai ya tare matasa a bakin jirgi, ya ce musu a hankali, kowace gaɓa a muhallinta: "Ku je ku koya a wurinta tun tana da ƙarfi."