Mai Barci da Harsashin Jikarsa

A duk karkarar Lampazos babu wanda ya kai Nicanor Cantú iya bin sawun barewa, babu kuma wanda ya kai shi rashin iya harbinta. Ɗayan ne ya haifi ɗayan. Mutumin da harsashinsa ba ya sauka inda ya auna, dole ya koyi bin jini a cikin ƙaya. Shekara da shekaru yana yawo a sunkuye tsakanin itatuwan meskit, yana duba ɗigon jini a kan ganye da tsakuwar da kofato ya juya, har ta kai ko a kan falalen dutse barewa ta bi sai ya gaya maka ƙafar da take ɗingisawa.

Mai Barci ake ce masa. Ba don nauyin barci ba, don kafin zakara ya yi cara ya riga ya ɗora tukunyar kofi a wuta. Sunan daga abin da kowa ya gani da idonsa ne: in Nicanor ya saita barewa ya ɗora yatsa a kunama, daidai lokacin da bindiga za ta tashi sai ya runtse ido gam, ya noƙe kafaɗa, bakin bindigar ya sunkuya. Abokai su ce, "Nicanor, in ka farka ka ba mu labarin mafarkin." Ya yi dariya tare da su, shi ba mai riƙo ba ne. Amma abin yana ci masa rai, kuma ya daɗe yana ci.

Alfadara ce ta yi masa wannan aika-aika. Haka ake kiran tsohuwar bindigar gidan Cantú, saboda shurin da take kai wa kafaɗar mai harba ta. Harsashin talatin-sifili-shida take ci, dogo, ya kai yatsan babban mutum. A gidan kuwa al'ada ce, yaro ba ya kashe barewarsa ta farko sai da ita. Ranar da aka fita da Nicanor, bindigar ta kusa kamo shi a tsawo. Hazo ya sauka a daji, sai ga wani namijin barewa mai faɗin ƙaho ya fito ya tsaya, tururi yana fita daga hancinsa, yana kallon yaron ba tsoro ba gaggawa. Ubansa, Don Ausencio, ya raɗa masa, "To, bisa ƙafar gaba." Ya ja kunama. Abin da ya sani bayan haka shi ne yana kwance a ƙasa, kunnensa yana ƙugi, kafaɗarsa ta mutu, manya suna ta ƙyaƙyata dariya a kansa. Barewa babu ita, sai jini kaɗan a kan ciyawa. Suka bi har rana ta yi tsaka, sawun ya ɓace musu.

Wannan namijin barewa bai taɓa barin Nicanor ba. Ya girma, ya yi kiwon shanun mutane, ya yi aure, ya binne matarsa. Da maharban birnin Monterrey suka fara zuwa da motocinsu a watan Disamba, ya zama mai yi musu jagora. Shi ne ke ɓoye su a gindin itace, ya ɗauko tsofaffin ƙahoni biyu yana gwara su, mazan barewa su ɗauka faɗa ake yi a kan mace su taho kallo. Amma ko da wani ne zai yi harbin, idon Nicanor yakan rufe kansa. A tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin barewa a lokacin da harsashi ya same ta ba. Yana ganin kafin, yana ganin bayan, tsakaninsu ɗan duhu ne. Da yamma in ya zauna a ƙofar gida yana kallon duwatsu suna yin shuɗi, a cikin wannan duhun yakan ga namijin nan tsaye cikin hazo, yana jiran yaro ya buɗe ido.

Ɗansa Eleazar bai gaji wannan ciwo ba. Ƙato ne, dangin uwarsa ya ɗebo. Ranar barewarsa ta farko Alfadara ta shure shi ya yi mata dariya, shi ya sa har gobe a wajensa al'adar ba ta da aibi. Sai Allah ya ba Eleazar 'ya, Idalia, siririya kamar sillen kara, mai idon tsiya. Tun tana rarrafe take bin kakanta. Ta iya bambance sawun barewa da na akuya kafin ta iya ɗaure takalminta.

Shekarar da ta shiga sha biyu, sanyin arewa ya fara kaɗawa, Eleazar ya yanke magana suna cin soyayyen busasshen nama da ƙwai.

"Baba, bana Idalia za ta kashe tata. Na ma ba ta Alfadara ta gwada shekaranjiya a bakin dam."

Nicanor ya ajiye kofinsa. "Ka ba ta me?"

"Alfadara mana. Ta harba, ko uffan ba ta ce ba. Ko ba haka ba, 'yar Baba?"

"Ba zafi," in ji Idalia. Amma da hannun hagu take ɗaukar abinci, na daman yana kwance a cinyarta.

Tsoho bai yi musu ba. Ya san ɗansa, in ka ja da shi da baki sai ku kwana a tsaye. Ya ce kawai su koma bakin dam ɗin ya gani da idonsa.

Suka kafa gwangwani a jikin tudun ƙasa. Nicanor ya karɓi bindigar, ya juya musu baya, ya yi ta ƙwas-ƙwas da ƙarfen kamar mai ɗura harsashi, alhali harsashin yana cikin aljihunsa. Ya miƙa wa yarinyar. Ta durƙusa, ta ɗora bindigar a kan buhu, ta saita kyakkyawan saiti. Ta ja kunama. Bindiga ta ce ƙyas, ba wuta ba ƙara. Amma Idalia ta riga ta runtse ido, ta noƙe wuya, bakin Alfadara ya duƙa har ya kusa taɓa ƙasa.

Nicanor ya tsaya yana kallonta. Kansa ya gani. Ya ga shekaru sittin na wannan duhu an ɗauko za a ɗora wa 'yar yarinyar da ta fi kowa ido a gidan.

"Ka gani?" ya ce wa ɗansa.

Eleazar ya sosa ƙeya. "Za ta saba."

"Ni na saba?"

Eleazar ya ce, "To da me za ta harba, Baba? Da danƙo?"

Washegari Nicanor ya sa hularsa ta zuwa coci ya hau doki sai gidan Doña Herminia, wadda mijinta ya rasu ya bar mata awaki da wata 'yar bindiga mai cin harsashin biyu-arba'in-da-uku. Da ita marigayin yake korar dilolin da ke ɗauke masa 'yan awaki. Harsashin siriri ne, shurinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana tafiya sak inda aka aike shi.

Herminia ta tarbe shi a ƙofa tana share hannu. "A'a, Mai Barci da hular coci? In aurena ka zo nema ka makara, haƙorana sun zube."

"Ni ma nawa suna gida a kofi. Aron bindigar marigayi na zo."

"Ta dila? Kai da kuke da Alfadara? Don Ausencio zai juya a kabarinsa."

"Ya juya. Ya kwanta a gefe ɗaya ya daɗe."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shiga ta ɗauko bindigar a naɗe cikin bargo. "In an samu barewa cinya ɗaya tawa ce, ka ji ko? Kirsimeti ya matso, ba ni da naman da zan naɗe a tamal, alalen masararmu na biki."

Da labari ya bazu, maza suka sami abin yi a shagon gari. Wani ya ce da wannan harsashi sai dai a yi wa barewa allurar rigakafi. Eleazar ma ya zo da tasa damuwar, kuma tasa ba ta wasa ba ce: ƙaramin harsashi in bai sauka daidai ba, dabba za ta tafi da rauni ta mutu a ƙaya. Nicanor ya ce masa, "Da babban harsashi na yi ta raunata su tun kafin a haife ka. Barewa ba ta tambayar girman harsashi, inda ya shiga take ji."

Daga nan kullum da yamma kaka da jika suna bakin dam. Ya cusa mata auduga a kunne. Ya juya baya ya ɗura, wani lokaci da harsashi, wani lokaci wayam, ba ta san wanne ba ne sai ta ja kunama. Da farko tana runtsawa ko da wayam ne. Ya ce, "Ja'ira, wa ya aike ki barci? Gidan nan Mai Barci ɗaya ya isa." Sannu a hankali tsoron ya fara sakinta. Shi kuma ba gwangwanin yake kallo ba, gashin idonta yake kallo daga gefe, har sai nasa idon ya ci amanarsa ya rufe. Saboda haka a kan harbin wayam kaɗai yake iya yi mata shaida. A kan na gaske bai sani ba, kuma rashin sanin yana hana shi sukuni.

Ranar da suka fita farautar, hazo ya sauka irin na wancan zamani. Eleazar ya tsaya can nesa a cikin mota. Suka zauna su biyu a gindin meskit, raɓa tana ɗiga musu a hula. Duniya ta yi tsit, itatuwa suna fitowa suna ɓacewa cikin fari. Nicanor ya ɗauko ƙahoninsa ya gwara, ya goga su a jikin reshe, ya dakata. Ya sake gwarawa. Ya rasa ko shi tsoho ne da jika a gefensa, ko yaro ne da uba a bayansa.

Sai hazon ya buɗe kaɗan, namijin barewa ya fito. Ƙahonsa bai kai na wancan faɗi ba, amma tsayuwar iri ɗaya ce, tururin hancin ma haka.

"Bisa ƙafar gaba," Nicanor ya raɗa. Muryar ubansa ya ji ta fito daga bakinsa.

Ya yi niyyar wannan karon zai kalla, ya rantse a ransa. Ya ga yatsar yarinyar ta fara lanƙwasa. Sai duhu.

Da ya buɗe ido, filin wayam. Ba barewa, sai hazo yana komawa mazauninsa. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sunkuya ya fara abin da ya iya, neman jini a kan ciyawa.

"Kaka, ina za ka?"

"Sawu, 'yar nan. Kada mu bari ya yi nisa."

"Wane nisa? Ga shi can bayan ƙayar nan ta biyu. A gabana ya kwanta."

Nicanor ya tsaya a sunkuye. "A gabanki?"

"Eh mana. Da na ja, kunnensa na hagu ya motsa. Sai raɓar jikinsa ta watse, ta yi ɗan farin hayaƙi daidai inda ka ce. Ya yi tsalle ɗaya sama, ƙafafun bayansa suka shuri iska, ya ɗaga farar jelarsa. Ya taka kaɗan, sai ya durƙusa a hankali kamar mai shirin shan ruwa." Ta juyo ta dube shi. "Kaka, ya ba ni tausayi."

Suka je suka same shi inda ta ce, kwance a gefensa, ido a buɗe. Babu sawun da za a bi. Can aka ji motar Eleazar ta taso, yana ta danna ham. Bisa al'ada kaka ne zai tsoma yatsa a jinin ya shafa wa sabon maharbi a goshi, amma Nicanor ya manta da wannan sam. Ya zauna a ƙasa kusa da barewar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, hawaye suna bin tamojin fuskarsa bai damu ya share ba.

"Kaka, lafiya?"

"Lafiya lau. Zo ki zauna nan." Ya kama hannunta. "Sake gaya mini. A hankali, kada ki tsallake komai. Fara daga kunnen."