Rantsuwar Inna a Gusau

Kano zuwa Tsafe

Ana kiran assalatu na fito daga gidan ƙawata a Kano, inda na kwana bayan saukata daga jirgi, jaka ɗaya a hannu, cikin wata biyar a gaba. Hutun mako guda aka ba ni a asibitin da nake aikin jinya a ƙasar Ayilan, kuma ba yawon gaishe-gaishe ya kawo ni ba. Na zo ne in sa mahaifiyata ta faɗi sunana.

Bari in yi muku bayani kafin mota ta cika. Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, wato surukar Inna. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kaina. Ana yaye ni yayar babana, Goggo Rabi, ta goya ni sai Bunguɗu, can na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Daga "ke" sai "waccan", in kuma ranar tana cikin nishaɗi ta ce "ɗiyar Rabi".

Da na samu ciki, al'ada ta ce in tafi gida wanka, takardar zama ta ce ban isa ba. In na daɗe a waje sabunta ta zai zama aiki, ga ta mijina Nura a jikin tawa take rataye. Sai na ce tunda ba zan je gida ba, gida ya zo ya same ni. Na nema wa Inna biza. Na tara takardar albashi, da ta banki, da ta mai gidan haya, har da wasiƙar likita mai cewa lallai ciki ne ba teɓa ba. Ana nan sai jami'in biza ya kira Inna ta waya, tare da tafinta mai fassara, ya tambaye ta mece ce alaƙarta da wadda ta gayyace ta. Inna ta ce, "Ɗiyar Rabi ta." Ya ce to mene ne sunanta? Ta ce, "Ku tambayi Rabi."

Takardar ƙin ba da biza ta zo da ladabi, ta ce mai nema da bakinta ta shaida cewa ni 'yar wata ce. Aka ba ni wata biyu in ɗaukaka ƙara. Na je wurin wata Baturiya mai ba baƙi shawara, na yi ta fama in fahimtar da ita kunyar ɗan fari. Ta tambaye ni ko faɗa muka yi da mahaifiyata. Na ce a'a, so ne. Ta dube ni da tausayi, ta tura mini kwalin goge hawaye. Daga ƙarshe ta ce mafita ɗaya ce, Inna ta je kotu da kanta ta rantse cewa ita ta haife ni, wadda ta raine ni ma ta rantse.

Motar ta cika gari na wayewa. Na sayi kujerar gaba duka saboda cikina, direban kuma, wani ɗan Gusau mai bakin aku, bai bar ni na runtsa ba. Da ya ji daga inda nake ya ce, "Hajiya, an ce can ko akuya sai da takarda?" Na ce har da hoto. A Funtuwa muka tsaya na ci ƙosai mai zafi, daga nan hira ta ragu. Kowa ya san hanyar. Shinge bayan shinge, direba ya sauke gilashi, a leƙa, a ɗaga hannu. Wani soja ya ga cikina ya ce Allah ya raba lafiya, motar duka ta amsa da amin. Ana kiran azahar muka shiga Tsafe.

Tsafe

Inna tana gidan ƙanena Bashiru tun da suka baro ƙauyenmu na wajen 'Yankuzo. Shekara huɗu rabona da ita. Ta fito ta gaisa da ɗan acaɓan da ya kawo ni, ta tambaye shi iyali, ta sa masa albarka, sannan ta dubi jakata ta ce, "An zo lahiya?" Amma da na shiga ɗaki na tarar da fura da nono a rufe da sabon faifai, ga hoce, ga tuwon dawa da miyar sure, ga matashin kai biyu an jera mini a tabarma saboda baya. Matar Bashiru ta raɗa mini cewa tun jiya Inna take leƙen ƙofa.

Bayan la'asar na ɗauko maganar. Na bi ta lallami, na bi ta addini, na ce ai ba haramun ba ne uwa ta kira sunan 'yarta. Inna tana ta tsinar wake kamar da bango nake. Raina ya ɓaci, ni kuwa dama ba a san ni da doguwar zuciya ba.

"Inna, ni kaɗai zan haihu a can. Nura aiki zai koma. Ba mai dama mini kunu, ba mai riƙe mini jariri in runtsa. Kalma ɗaya fa ake nema!"

Ta ajiye faifan. Ba ta dube ni ba, amma muryarta ta sauya. "Ke kina ganin ban son zuwa? Fasfo wa yas sa ni yi? Amma in buɗe baki gaban mutane in ce tawa ta, Rabi na raye? Ita tac ci kashinki, ita tay yi jinyar ƙyandarki. Da wane ido za ni dube ta?"

Ashe na sauka a tashar da ba ita ba, mabuɗin yana Bunguɗu.

Gusau zuwa Bunguɗu

Ba a sammako a wannan hanya, sai da rana ta ɗaga muka tashi. Ƙasa da awa ɗaya muna Gusau. Na hau Keke Napep zuwa inda motocin Bunguɗu suke lodi, mai keken yana ta kauce wa ramuka yana ba cikina haƙuri. Tafiyar Bunguɗu kuwa ba ta kai a gyara zama ba.

Tun daga zaure ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tare ni. Goggo Rabi tana bakin murhu tana matsar man gyaɗa, sana'ar da ta biya mini kuɗin makarantar jinya. Ita ba ruwanta da kunya, ta rangaɗa guɗa, ta kira sunana har maƙwabta suka leƙo. Da na ba ta labarin wayar, ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane.

"Ku tambayi Rabi! To mi yah hana su tambaye ni?"

Na ce su can uwa ɗaya suka sani, wadda ta haifa. Sai dariyar ta tsaya. Ta juya ƙulin da ke cikin mai, ta daɗe tana juyawa ko da yake ya riga ya soyu. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma duk Bunguɗu ba wanda ya taɓa yi mata gori saboda ni. Yanzu ga ni na zo da bakina ina neman ta je kotu ta rantse cewa ba ita ta haife ni ba. Wallahi na ji kunyar kaina, na so ƙasa ta tsage.

"Goggo, in abin zai..."

"Rufa mini baki. Ƙarya takardar tay yi? Ni goyo niy yi, ita tay yi naƙuda. Da ƙafafun nan nawa za su iya hawan jirgi da ni za ni, in ga Baturen da zai hana ni. Kira Bashiru, ki ce gobe ya kawo ta Gusau. Kar ki ce kotu, ki ce Rabi na kira."

A gadonta na kwana, a gefen bango inda na saba.

Gusau, a kotu

Da hantsi muka haɗu a ƙofar kotu. Inna ta durƙusa har ƙasa ta gaida Goggo, Goggo ta ɗago ta tana cewa tsufa ya hana ta wannan gaisuwar mai tsawo. Wani mai shagon buga takardu ya buga mana rantsuwa biyu. Ana tsaka da ta biyu aka ɗauke wuta, sai da aka aika sayen fetur aka ta da janareto. Bayan zaman Turai, inda ake ba ka ranar ganin jami'i bayan wata uku, wannan jiran bai ko dame ni ba.

Mai rantsarwa dattijo ne mai farin gemu da tabarau a kan hanci. Ya sa su biyun suka yi alwala. Goggo ta fara, ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ta faɗi nata tiryan-tiryan ba gargada, ta dangwala yatsa. Aka zo kan Inna. Ya karanta mata abin da aka rubuta da Hausa, ya ce sai ta maimaita da bakinta, da sunan 'yar.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Fanka tana ta juyawa, mutane a layi sun fara leƙowa.

"Inna, na san al'ada," in ji dattijon. "Ni ma ɗan fari ne, har uwata ta koma ga Allah Bawa take ce mini. Amma ba zan sa hatimi a kan abin da ban ji ba."

Jibi jirgina zai tashi, ba ni da wani hutun.

Goggo ta miƙe, ta dafa kafaɗar Inna. "Hadiza, shekara talatin da ɗaya kika bar mini ita, ko sau ɗaya ba ki nuna mini taki ta ba. Na gode. Yau ni na ce ki hwaɗi. In kin ƙi, ni kika ƙi." Ta gyara ɗaurin zane. "Ni na tahi sayen goro, kunnuwana ba su nan. Ke kuma," ta nuna ni, "juya ki dubi bango."

Na juya. Ina kallon wata kalanda da ta daɗe da ƙarewa. Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"Hauwa'u. Ɗiyata ta. Ni na haihe ta."

Dattijon ya ce ya isa. Amma Inna ba ta tsaya ba. "Ran Laraba, da kaka, ana yankan gero. Kwana biyu ina naƙuda. Ta zo da gashi cike da kai, ba ta yi kuka ba sai da aka watsa mata ruwa. Ran da Rabi tat tahi da ita, na ce ciwon ido nika yi."

Ban san lokacin da na haɗa goshina da bangon ba. Ni da nake ba majinyata haƙuri kullum, sai ga ni ina kuka kamar yarinyar da aka ƙwace wa alewa. Na ji ƙarar hatimi sau biyu, tim, tim, kuma ban taɓa jin kiɗan da ya kai shi daɗi ba. Goggo ta dawo ba goro ba alamarsa, idonta ja wur, ta ce ƙurar titi ce.

A bakin kotu na sayi tsire da lemo muka zauna a inuwa. Inna ta tura mini nata kason ba tare da ta dube ni ba, ta ce wa Bashiru, "Ka ce wa waccan ta ci."

Komawa

Washegari na kama hanyar Kano, takardun suna cikin leda a cikin rigata, ko jaka ban yarda da ita ba. Na sauka Ayilan ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, Nura yana jirana da lema. Baturiyar nan ta karanta fassarar rantsuwar, wannan karon ita ta jawo kwalin goge hawayen. Muka tura ƙara, na shiga duba saƙo dare da rana, har ranar da ina tsaka da raba magani amsa ta shigo. An ba Inna biza. Na shiga ɗakin ajiyar kaya na yi sujada tsakanin kwalayen safar hannu.

Saura mako uku in haihu ta iso, da rigar sanyin Bashiru har gwiwa, da ƙullin kanwa da Goggo ta aiko don kunu. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka bi da ni a hankali, da dattijon da ya ƙi sa hatimi sai ya ji. Goggo kuwa ba ni da bakin gode mata.

Ga Inna can a banɗaki tana haɗa mini ruwan wanka tana yi wa famfon zafi faɗa, jikarta a bayanta. Ba ta sake faɗin sunana ba tun ranar, ni ma ban sake nema ba. Na ji sau ɗaya, kuma hannunta yana kan Alƙur'ani.