Gaisuwata ta hana jirgi sauka

"Ina wuni? Ya gida? Ya aiki? Ya yara? Kai ɗan wace unguwa ne a Zariya?"

Ni ne jiya da la'asar nake zuba wannan a rediyon jirgi, yatsana danne da maɓallin magana.

Tun da ƙafafuna suka daina kai ni masallaci, 'yata ta haɗa min wasan tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Kowa yana gidansa yana tuƙa nasa ta intanet, mutum guda kuma yana ba da izinin sauka. Ƙa'idar ita ce ka faɗi lambar jirginka da buƙatarka da Turanci, ka saki maɓalli, domin muddin kana danne da shi ba mai iya magana.

To, sai na ji Turancin mai ba da izinin yana ƙanshin Zazzaganci. Ni da nake wuni a Unguwar Dosa ba mai yi min sallama, sai bakina ya kwance.

Da na ɗaga yatsa ya ce, "Lafiya lau, Baba. Amma ka tare layi, wani bawan Allah ya rasa izini, yana can yana zagaye a sama."

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Ɗana, a yafe min, kada a kore ni."

Ya yi dariya. "Ba mai korar ka. Sauka tukuna, in rubuto maka lambar wayata, mu gaisa har da kaji da awaki."

Lambar tana nan, kunya ta hana ni kira. Jama'a, me kuka gani, in kira shi?