Zanen Iya da Iskar Hadari

Ƙaurin gyaɗa a kasko ne ke fara dawo mini da tsakar gidanmu na unguwar Kwarbai. Bayan magariba kakata Iya takan zauna gaban murhu tana suya tana yi mana tatsuniya, kuma ba ta taɓa kai ɗaya ƙarshe lafiya ba. Ana tsakiyar daɗi sai ta tsaya gyaran itace, ko cigiyar wanda ya bar buta a hanya. Ni kuwa in yi ta cika ina batsewa.

Wata rana ta ba mu labarin wani bafatake da ruwan Kwara ya ƙwace wa sandar tuƙi a tsakiyar kogi. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura mata igiya ya sake ta sama, iska ta cika ta, ta ja kwalekwalensa har gaci. Na tambayi yadda riga za ta ja jirgi, da yadda ya sauko da ita. Iya ta ce in ci gyaɗa.

"Kin cika bin diddigi, ƙawata. Wa ya taɓa neman shaida a tatsuniya?"

Washegari da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Zanen Iya na saƙi yana kan igiyar shanya, wanda ta gada wurin mahaifiyarta, ba ta ɗaura shi sai Juma'a. Na zare shi, na ƙulla igiyar guga a bakinsa, na hau saman soro. Zanen ya kumbura ya tashi, yana fizgata kamar ɗan akuya, amma ni kaɗai ina iya riƙewa. Da na ji iskar ta kusa ninka gudunta, na yi lissafina na 'yar aji huɗu: iska biyu, mutum biyu. Na kira yayata Bilki ta kama mini.

Igiyar ta goge mana tafin hannu ta wuce. Muna kallo zanen ya haye rufin maƙwabta ya nufi ganuwa. Kwana uku ana nema, ba a same shi ba.

Iya ba ta taɓa ni ba. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Shi mutumin da rigarsa ya yi, ba da zanen kakarsa ba." Wata guda muka yi muna cin gyaɗa shiru, babu tatsuniya. Ni kuma na yi shekaru ina rantsuwa Bilki ce ta sassauta hannu, ita tana rantsuwa ba ta saki ba.

Sai a jami'a, bayan rasuwar Iya, wani malaminmu ya nuna mana hoton jirgin ruwa na dakon kaya, wani makeken ƙyalle can sama ɗaure da igiya yana jansa don a rage shan mai. A ranar na ji cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Ashe Bilki ta riƙe da gaske. Mutum huɗu zanen yake buƙata.