Abin da Na Karanta wa Mahaifina a Allon Jirgi

Malam Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni kaɗai ne a gabansu Baba na yi makarantar boko, ita ma iyakata firamare, amma a gidanmu da ke Mubi duk abin da na ce takarda ta faɗa, to shi ke nan ta faɗa. Halina kuwa tun ina ƙarami shi ne fargaba. In na rufe ƙofa sai na dawo na taɓa ta sau uku. In na yi alwala sai na sake, wai ko na tsallake gwiwar hannu. Mutane suna yabona da natsuwa, ba su san tsoro ne ke sa ni haka ba.

A daminar shekarar nan yayana da ke aiki a Lakwaja ya aiko cewa mu taho da Baba da Inna su zauna wurinsa, saboda idon Baba ya fara rauni. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ruwa daga Jimeta, wanda ba ya zuwa sai Binuwai ta cika. Baba ya yarda da tafiyar ne don dalili guda. Yana da yaya mace a unguwar Ajiya cikin Yola, Goggonmu, wadda suka yi shekaru masu yawa ba sa magana kan wata rigimar gida da ban taɓa sanin kanta ba. Ƙafafunta sun riƙe, ba ta iya fita. Ya aika mata yana zuwa, ta aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ta yi mana girki, kuma kada ya kuskura ya ci komai kafin ya iso.

Mun iso Jimeta ranar Laraba, aka yi mana fito don lokacin babu gada, muka sauka gidan wani ɗan Barno mai sayar da kanwa. Ranar Alhamis muka fita kallon gari. Ban taɓa ganin Baba da walwala irin ta ranar ba. Ya ja mu cikin babbar kasuwa yana nuna mana inda ya taɓa tallan goro yana yaro, yana tsokanar masu kifi da Fillancinsa da ya yi tsatsa, su kuma suna ce masa bappa ya bar yaren nan haka kada ya karya shi. Inna ta tsaya gaban kantin Turawa tana mamakin yadin da aka jera har rufi. Da azahar muka zauna rumfar wata mata kusa da bakin kogi, ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa da kifi gasasshe, ta biyo da kunun gyaɗa. Baba ya ci kaɗan ya janye hannu, ya ce yana ajiye cikinsa don gobe, in ya je da ƙoshi yayarsa za ta ja masa kunne da furfurarsa.

Ni ban ji ɗanɗanon komai ba. A teburin da ke kusa wani lebura yana ba abokinsa labarin cewa ruwa ya fara ja baya, kuma akwai shekarar da jirgi ya tashi ba sallama don gudun kada ya kafe a yashi. Ko gaskiya ne ko hira ce, ban tambaya ba. Na shiga lissafi. In muna Yola aka busa ƙaho fa? In wannan ne jirgin ƙarshe na bana fa? Me zan ce wa yayana?

Da la'asar muka gangara tashar jirgin. A jikin ofishin akawu akwai baƙin allo da aka rubuta da alli cikin Turanci cewa jirgi zai tashi ranar Asabar da safe. Rubutun a fili yake, ba wata kalma mai wuya. Baba ya dafa kafaɗata ya ce in karanta masa. Sai na ji bakina yana cewa an rubuta duk fasinja ya shiga jirgi daga yau, domin ana iya tashi kowane lokaci. Baba ya ce in sake dubawa da kyau, ko na tsallake wani layi. Na ɗora yatsa a kan allon, na bi harafi ɗaya ɗaya, na maimaita masa ƙaryar. Ya tambaya ko zai iya hawa mota ya je ya gaishe ta kawai ya juyo, tunda Yola ba nisa. Na ce in ya tafi aka busa ƙaho, Inna za mu bari ko shi? Sai ya ce to, mai karatu ya fi shi sani. Ya ba wani direba saƙo a faɗa wa Goggo jirgi ya ƙwace mu.

Muka kwashe kaya muka shimfiɗa tabarma a saman jirgi tsakanin buhunan gyaɗa. Juma'a ta waye, leburori suna ta lodi ba alamar tashi. Sauran fasinjoji ba su ma zo ba, Inna ta yi ta tambaya ina mutane, na ce su suka sani. Wallahi sau da yawa a ranar na buɗe baki zan faɗi gaskiya, har yanzu da sauran lokaci, sai in tuna idon da Baba zai dube ni da shi, in haɗiye. Baba ya zauna yana fuskantar wajen Yola, bai ci komai ba sai ruwa.

Ranar Asabar da safe, ana shirin janye katakon shiga, sai ga babban ɗan Goggo a kan keke, magidanci ne, malamin makaranta. Ya hau jirgin ransa a ɓace. Ya ce wa Baba, saƙo bai iso ba sai jiya bayan an sauko masallaci, Goggo ta yi kuka ta ce haka Allah ya so, ta sa aka raba naman ragon da aka yanka saboda mu ga maƙwabta. Amma jiya da yamma wani ya shigo gaishe ta ya ce ai jirgi yana nan, har ya hango ƙaninta zaune a kai. Ya ce kawu, in ba ka yafe mata ba ai da ka faɗa, da ba a ɗauko tsohuwa an zaunar da ita a zaure tun hantsi ba. Ya nuna allon, ya ce tun ranar Litinin Asabar ce a rubuce, ko ɗan aji biyu zai karanta.

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Bai daɗe ba. Sannan ya ce wa ɗan yayarsa laifin nasa ne shi Baba, an karanta masa daidai, kunnensa ne ya ji ba daidai ba. Mutumin ya yi dariyar takaici ya ce zai faɗa mata haka, in ta yarda. Ina tsaye a nan, da bakina, na bari ya sauka. Aka busa ƙaho.

Duk kwanakin da muka yi a kan ruwa Baba bai ɗaga maganar ba. A Lakwaja na yi niyyar rubuta wa Goggo wasiƙa in bayyana komai. Na rubuta na yaga ya fi sau goma, wannan ta yi tsawo, waccan gaisuwar ba ta dace ba, wata kuma ina tsoron wanda zai karanta mata. Ina cikin gyaran kalmomi har rani ya shigo, wasiƙa ta zo daga Yola. Ina zaune kusa da Baba aka miƙo ta. Na miƙa hannu kamar kullum, sai ya sa ta a aljihu, ya lalubi sandarsa, ya fita wajen maƙwabcinmu ya karanta masa. Daga bakin maƙwabci na ji Goggo ta rasu. Har Baba ya koma ga Allah bai sake ba ni takarda ba, bai kuma taɓa zagina ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don amfaninsu na yi. Ba haka ba ne. Tsorona ne ya dame ni, na nemi hanyar kwantar da shi, na biya da abin da ba nawa ba. Ku da Allah ya ba ɗan karatu a cikin danginku, in wanda ba ya gani ya ce ku karanta masa, ku faɗi abin da ke rubuce, in kuna da tsoro ku faɗe shi daban da sunansa, ku bar mutum ya zaɓa. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa yau ko da kalmomin ba su yi kyau ba. Ni na tsaya neman masu kyau, tsohuwa ta tafi tana zaton ƙaninta ya ƙi ta.